Hancin Kawu Ilu da Ƙwan Tarwaɗa

Duk wanda ya taɓa taka gidan Kawu Ilu a Tudun Wada ya san ba a miƙa masa hannu a karɓe shi salin-alin. Za ka yi sallama ya amsa, ya kama hannunka kamar zai gaisa, sai kawai ka ga ya kai shi hanci. Ya shinshina tafin, ya juya ya shinshina bayan, in bai gamsu ba ya ture hannun rigarka sama ya ƙara. In ya ji turare ko man shafawa, to zaure ne iyakarka, ba za ka ga kifinsa ba. Mata kuwa, da yake ba ya kama hannunsu, sai ya ce ki miƙo daga nesa, shi kuma ya riƙa fifito iskar zuwa hancinsa yana lumshe ido.

Kun tuna ranar da limamin unguwa ya biyo bayan Juma'a don ya ga kifin da ake ta ba shi labari? Ga babbar riga, ga ƙamshi tun daga bakin titi. Kawu ya shinshina sau ɗaya, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Liman ya ce, "Malam Ilu, turare fa sunna ne."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Kifin ne ba su sani ba."

Da yawanku kun ɗauka haka Allah ya yi shi. A'a. Wannan hali rana tsaka ya same shi, kuma ni ce sanadi. Tun da muka yi addu'ar arba'in ɗinsa abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni 'yar ƙanwarsa ce. Ina shekara biyar mahaifiyata ta rasu, ya ɗauko ni ya riƙe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Kuma ni zabiya ce. Wanda ba zabiya ba bai san mece ce rana ba. Ku gumi take sa ku, ni gasa ni take yi. Maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, tsohuwar nas, ita ta fara kawo mini man kariyar rana, ta kuma kafa mini doka: a shafa da safe, a sake shafawa duk bayan alwala, fuska da wuya da hannu da ƙafa. Man yana da wani ƙamshi kamar na kwakwa, har ya zama duk inda na gifta an san ni ce.

Shi kuwa Kawu shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Wanke kwalabe fa, ba wani abu ba, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya koyar da furofesoshin. Da ya yi ritaya, lokacin ina makaranta a wani gari, sai ya gina kwami uku na siminti a bayan gida ya fara kiwon tarwaɗa. Bai tsaya ga kiwo ba, ya ce shi ƙyanƙyasa zai riƙa yi, masu kiwo su zo wurinsa sayen 'ya'ya.

Tarwaɗa ba ta haihuwa da kanta a kwami, sai an taimaka mata. Za a yi wa macen allura, in lokaci ya yi a matse cikinta ƙwai ya zubo a kwano. Namijin kuwa, bawan Allah, sai an yanka shi an ciro ruwan da ke cikinsa an gauraya da ƙwan. Sannan a baza a kan raga cikin robar ruwa. Washegari in an dace, za ka ga ƙananan abubuwa suna wutsil-wutsil. In ba a dace ba, ƙwan ya yi fari fat, ya fara wari. Kawu bai taɓa yanka namiji ba tare da ya ba shi haƙuri ba. Zai ɗaga shi sama ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ango, ka yi haƙuri, haka auren gidan nan yake." Matarsa Inna Lami kuma tana gefe da tukunya tana jiran angon.

Babbar macen da yake ji da ita sunanta Hajiya Babba. Wallahi ya fi tambayar lafiyarta a kan ta Inna. Kuma yana da wata magana tasa da ban taɓa jin ta a bakin kowa ba: "Kifi ba ya ƙarya." In ruwa ya lalace, kifi zai nuna. In abinci jabu ne, kifi zai nuna. Ko baƙo ya zo bai kwanta masa ba, sai ya leƙa kwami ya ga me kifi suka ce.

Sai kuma maganar ruwa. Kun san yadda ruwa yake a unguwarmu, amma na Kawu ya wuce tsimi. Ruwan ɗauraye kofi na bishiyar gwaiba ne, ruwan wanke shinkafa na kaji, na wanki kuma na share tsakar gida. Wata rana yana zaune yana kallon Inna tana alwala, ruwan yana bin rariya, sai ya dafe kai.

Ya ce, "Subhanallahi! Ruwan da aka yi bisimilla a kansa, shi muke ba kwata?"

Kafin la'asar ya samo tsohon bututu, ya gyara wurin alwala da siminti, ya jona shi kai tsaye zuwa kwamin Hajiya Babba. Ya kafa doka: duk wanda zai yi alwala a gidan nan, nan zai yi. Ya ce ga tsimi, ga albarka. Kuma abin haushi, shekara biyu ana haka ƙyanƙyasa tana kyau, ya samu abin yi wa mutane gori.

Sai na gama makaranta na dawo gida.

Na kama masa aiki da murna, don hannunsa ya fara rawa. Ni ke baza ƙwai a raga, ni ke tsame datti, hannuna kullum yana cikin ruwa. Wata biyu da dawowata, ƙwai ya fara fari. Aka sake, ya sake fari. Hajiya Babba da ke cika kwano ta koma ba da ɗan kaɗan. Kawu ya canza abinci, ya canza raga, ya wanke robobi da toka. Daga nan ya ɗora laifin a kan mazan. Na taɓa samunsa tsugune a bakin kwaminsu yana musu faɗa: "Ku dube ku! Gashin baki kamar na gaske, ci kamar gara, aiki babu!" Mun sha farfesun ango a watannin nan har ya gundure mu, jariri ko ɗaya babu.

Inna ta ce baki ne ya kama kifin, ya daina nuna wa mutane su. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ta fito da abin da ke ranta tun farko: a fasa kwamin nan a gina ɗakuna, ɗaliban jami'a da ke Kongo na neman haya. Kullum da wannan take buɗe baki da safe. Rannan Kawu ya fusata ya ce, "To na ji! In damina ta sauka ban ga ɗa ko ɗaya ba, ni da hannuna zan ɗauki guduma." Kun san shi, in ya faɗa ya faɗa. Daga ranar ya rage cin abinci, ya daina zuwa majalisa, in ya zauna a bakin kwami sai ka ga tsufan da bai taɓa nunawa ba ya fito. Na tabbata in aka fasa kwamin nan, shi ma ba zai daɗe ba.

Wata azahar ina alwala, sai idona ya bi ruwan. Na wanke fuska, ruwan ya sauka fari-fari kamar an ɗiga madara, ya shige bututu. Na tashi na zagaya. Ga shi nan yana zuba daidai kan Hajiya Babba, wani maiƙo-maiƙo yana yawo a saman kwamin, ƙamshin kwakwa yana tashi. Na shiga ɗaki na duba a waya, na karanta cewa wasu daga cikin sinadaran da ake sa wa irin wannan mai, in suka shiga ruwa, suna rikita haihuwar kifi: mace ta rage ƙwai, namiji ya yi rauni, ƙwan ma ya ƙi ƙyanƙyashewa. Sau biyar a rana nake wanke man nan a kan Hajiya Babba, in sake shafawa, in tsoma hannu a robar ƙwai. Ashe ni ce bakin da Inna take nema.

Za ku ce me ya hana ni faɗa. Tsoro ne. Ba tsoron faɗansa ba, na san bai iya yi mini faɗa ba. Tsorona shi ne da ya ji an ce ko fatata ko kifinsa, ba zai jira damina ba, a ranar zai ɗauki guduma. Na gwada komawa gindin gwaiba in yi alwala a ɓoye, ban kai ga wanke fuska ba na ji muryarsa: "Uwata! Albarkar Hajiya kike ba bishiya?" Na dawo sumui-sumui. Sai na yanke shawarar da har yau in na tuna nake jin kunya: na ɓoye man a ƙasan akwati, na daina shafawa.

A tsakiyar bazara fa! Kwana uku fuskata ta yi ja wur. Kafin mako leɓena ya tsage, bayan wuyana ya yi bororo, hannuna ko mayafi ya taɓa sai na ji kamar wuta. Na riƙa jan hijabi har goshi, in an tambaya in ce mura nake yi. Idon Kawu ba shi da ƙarfi, Inna kuma hankalinta na kan ɗakunan haya. Na ɗauka na tsira.

Ranar kwana na goma sha biyu na kawo masa shayi da safe. Ya karɓa, bai kai baki ba ya tsaya. Ya ajiye kofin. Ya kama wuyan hannuna, na yi ƙara don zafi, ya kai shi hanci. Wannan shi ne karo na farko da Kawu Ilu ya shinshina hannun ɗan Adam.

Ya ce, "Uwata, ina ƙamshinki?"

Na ce, "Man ne ya ƙare, Kawu."

Ya ce, "Kifi ba ya ƙarya, ke kuma ba ki iya ba. Ɗaga hijabin nan."

Da ya ga fuskata sai ya yi salati, ya leƙa ta kan katanga ya ƙwala wa Mama Rifkatu kira. Ta shigo da zani a kafaɗa, tana ganina ta ɗora hannu a ka. Ban taɓa ganin ta yi fushi irin na ranar ba. Ta ce, "Yarinyar nan, kin san abin da kike wasa da shi? Ciwon dajin fata ne fa! Na ga zabiyoyi nawa da ya ci a gabana!" Ta juya kan Kawu: "Kai kuma Malam Ilu, kana gida ɗaya da ita, kifi kake kallo!" Nan na fashe da kuka, na faɗi komai, bututu da maiƙo da abin da na gani a waya.

Kawu ya ce, "Ɗauko man." Na ɗauko. Ya ce, "Shafa a gabana." Mama Rifkatu ta ce ba a shafa shi a kan ciwo, sai ta fara wankewa ta sa magani, kuma ba ni ba fita rana sai na warke. Ya ce to a shafa inda ya rage. Sai da ya ga an gama ya karɓi robar man ya juya ta yana karantawa da ƙyar. Ya ce, "Waya tana ƙarya. Sai na gwada da kaina."

Jama'a, ranar gwajin nan! Ya je Kwangila wurin wani abokinsa ya aro mace lafiyayya da namiji. Ya jera robobi biyu da ruwan rijiya. Sannan ya tuɓe riga ya bi jikinsa da man nan, fuska, wuya, hannu, har tsakiyar sanƙonsa. Kun san baƙin Kawu, kuma bai iya murzawa ba, ya lafta ne kawai. Ya ɗauki kujera ya zauna a tsakar gida cikin rana, wai sai man ya kama jiki yadda yake kama nawa. Inna ta fito daga madafa, ta gan shi, ta saki ludayi.

Ta ce, "Innalillahi! Malam, fatalwa ka koma?"

Ya ce, "Kimiyya ce, Lami, ba ki da rabo a ciki. Miƙo mini cokali."

Me zai yi da cokali? Ya ga man ya yi yawa, sai ya hau kankare fuskarsa yana mayarwa cikin roba. Mama Rifkatu da ke leƙe ta katanga ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Daga nan ya yi cikakkiyar alwala a cikin roba ɗaya, ɗayar kuma bai bari ko inuwarsa ta faɗa ciki ba. Ya sa Inna ta wanke hannu da sabulun salo sau uku, ita ta raba ƙwan gida biyu ta baza.

Washegari muka taru a kansu. Robar da ba a taɓa ba tana ta wutsil-wutsil, baƙi ƙirin da 'ya'ya. Ɗayar kuwa yawanci fari, 'yan tsiraru ne ke motsi. Mama Rifkatu ta ce roba biyu ba hujja ba ce, ga shi ya zuba man da ya ishi mutum biyar, kuma ba kowane irin mai ne ke da wannan illa ba. Kawu ya ce ita ta san mutane, shi ya san kifi. Ya miƙe ya shiga ɗaki. Sai ga shi ya fito da guduma.

Ya nufi bayan gida, ina binsa ina cewa, "Kawu, don Allah! Kawu, zan bar gidan, zan koma wurin dangin babana!" Ko waiwayowa bai yi ba. Inna ma da ta fi kowa son a fasa sai na ga ta kama bakinta. Ya tsaya a gaban kwamin Hajiya Babba, ya ɗaga gudumar sama, na rufe ido. Na ji ƙwas! Na buɗe. Kwami na nan daram. Bututun ne ya rabe biyu.

Ya ce, "Munafuki! Ashe kai ne."

Inna da ta dawo hayyacinta ta ce, "To wa ya sa bututun, Malam?"

Ya ce, "Ba a tambayi wanda ya sa ba."

Har ya koma ga Allah bai amsa wannan tambaya ba. Amma a ranar na ga abin da ban taɓa zato ba: Kawu Ilu ya kwashe kifi ya buɗe kwami guda cur ya bar ruwan ya bi kwata. Bai iya kallo ba, juya baya ya yi yana ta istigfari. Ni kuwa na zauna a kan bulo, wata ajiyar zuciya ta zo mini wadda na ji ta har tafin ƙafa. Ya matso ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke da kika ce za ki bar gida, wa zai riƙe mini sirinji? Kifi ana sayo wani a Kwangila. Uwa a wace kasuwa ake sayarwa?"

Safar hannun da zan riƙa sawa in zan taɓa ruwan kifi kuwa, ya ce ba zai saya ba, tsada. Ya samo tsohuwar robar cikin tayar mota, ya yanka, ya kai wa mai faci ya liƙe masa, ta zo mini har kafaɗa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya kafa rumfar zana a kan wurin aikina. Hajiya Babba ta huta makonni a ruwa mai tsabta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna ta fara kallon guduma, muka yi wa Hajiya Babba allura. Ranar da aka yi ruwan farko na kirki, a ranar ragarmu ta cika da 'ya'ya. Kawu ya ɗebo su a kofin shayi ya kai wa Inna har ɗaki ya ce, "Ga 'yan hayarki sun iso."

Tun daga nan ya kafa shingen hanci a zaure, wanda kuka sha fama da shi. Ko Nasiru da ya zo neman aurena bai tsira ba. Ya sha wanka ya fesa turare, Kawu ya shinshina ya ce ya je ya dawo gobe ba ƙamshi. Da ya dawo, bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambayi danginsa ba. Robar man ya miƙa masa ya ce, "Shinshina. Ka riƙe wannan ƙamshin? To duk safiyar da ba ka ji shi a jikinta ba, kada ta fita, kai ma kada ka fita." Nasiru ya ce ya ji. Kawu ya ce, "Shi ke nan, na ba ka. Amma ba za ka ga kifi ba sai bayan biki."

Abin da ba ku sani ba ke nan. Ku yana shinshina ku ne don kada ya ji mai. Ni kaɗai yake shinshinawa don ya ji.

Ranar da na je duba shi a asibiti na ƙarshe, da hantsi ne, idonsa a rufe, an ce tun jiya bai yi magana ba. Na zauna na kama hannunsa. Sai na ji yana jan nawa a hankali, a hankali, har ya kai shi hanci. Ya ja numfashi. Leɓensa ya motsa, na sunkuya.

Ya ce, "Kin shafa."

Na ce, "Na shafa, Kawu."

Kwamin na nan, Inna ce ma yanzu ke hana a yi maganar fasawa. Makon jiya na sa doguwar safata na matse 'yar Hajiya Babba, na ba ango haƙuri kamar yadda aka saba, raga ta cika. Ya Allah, bawanka Iliyasu ya yi wa marainiya rumfa a duniya, ka yi masa inuwa ranar da babu wata sai taka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa har da na bututu, ka sa ƙamshin Aljanna ne abin da hancin nan zai fara ji. Amin.